Wata shida ina juya maganar barin Canon

A wani biki da na yi wa aiki a Jega, ƙarshen Disambar 2023, abin ya faro. Na ɗauki kamu ranar Alhamis, na dawo Birnin Kebbi na juye hotunan a kwamfuta lafiya lau. Ranar Juma'a na koma, aka ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci, da la'asar na shiga cikin gida wajen mata, da daddare aka yi walima. Duk a memori ɗaya. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na iso gida, na soka memorin a kwamfuta don in kwana da kwanciyar hankali, sai ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, in ina so in goge shi ta fara sabo.

Na cire, na hura, na mayar. Na sa shi a kyamara, ita ma ta ƙi karantawa. Har aka kira assalatu ina zaune gaban kwamfutar.

Kwana biyu na yi ina bin sa da manhajar ceto hotuna. Kusan kashi biyu cikin uku suka dawo. Cikin waɗanda suka salwanta har da na amarya da kakarta, tsohuwar da aka ɗauko tun daga wajen Kamba saboda wannan rana. Ina tuna hoton sarai don ni na tsara shi: amarya a durƙushe, tsohuwar ta kama hannayenta biyu tana kallon lallen, hasken yamma na shigowa ta ƙofar ɗaki. Ban aika saƙo ba, na hau mota na je da kaina. Na sami mahaifin yarinyar a ƙofar gida na ce, "Alhaji, na zo da magana marar daɗi." Ya saurare ni har na gama, ya ce ƙaddara ta riga fata, Allah Ya kiyaye gaba. Na mayar da rabin kuɗin aikin, da ƙyar ya karɓa. Amma lalle ya riga ya fara gogewa, tsohuwa ta koma garinsu, wannan hoto ba mai sake shi.

Kyamarar da nake aiki da ita a lokacin Canon EOS R ce, wadda ta fito a 2018, ni kuwa na saye ta ta hannu a 2021. Ramin memori ɗaya gare ta, kuma na san haka tun ranar da na biya kuɗinta. Shekara biyu da rabi ba ta taɓa ba ni kunya ba, memorin da na saya wajen wani mai tebur ne ya mutu. Sai dai daga wannan dare na yi wa kaina alkawari ba zan sake ɗaukar ɗaurin auren kowa da kyamarar da ba ta rubuta kowane hoto a wuri biyu ba.

Da maganar ta tsaya nan da da sauƙi. To amma da ma akwai abin da ke cin raina tun kafin Jega. Aikinmu ya canza. Da in an kira ka biki, hoto ake so da albam, mai bidiyo daban. Yanzu amarya tun kafin ta tambayi farashin albam za ta ce, "Za ka yi min gajeren bidiyo na Instagram da TikTok?" Ɗaliban jami'ar Kalgo da na kwalejin Waziri Umaru masu bikin gama karatu su ma haka. Matasan da suka shigo sana'ar bayanmu kuwa da yawansu Sony suke riƙewa, kuma aikinsu na bidiyo yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ita EOS R ba ta da abin da ke tare rawar hannu a cikin jikinta, in kuma ka ce za ka ɗauki 4K, wato bidiyo mai tsananin tsabta, sai ta matse hoton ta yanke gefe da gefe, lensin da ke ɗaukar ɗaki gaba ɗaya ya koma ɗaukar rabinsa. Sai na ce wa kaina, tun da dole in sayi sabuwa, me zai hana in tattara in koma Sony gaba ɗaya?

Wanda ba ya sana'ar zai ɗauka kyamara kamar waya ce, ka ajiye wannan ka ɗauki waccan ka mayar da layinka. Ba haka ba ne. Kowane kamfani da irin bakin da yake yi wa kyamararsa, lensin wannan ba ya shiga bakin wancan. Batir daban, caja daban, hatta ƙafar da fitila ke zama a kai daban. Sauya kamfani tashi ne daga unguwa da kayan ɗaki duka.

Ni kuwa kayan ɗakin nan na daɗe ina tara su. Na fara koyo a 2012 a situdiyon maigidana, da Canon 600D. Na sayi 6D ta hannu a 2016. Lensi biyar gare ni, duk masu tsohon bakin Canon da ake kira EF: 24-105 na yau da kullum, 50 da 85 masu f/1.8 (ma'aunin buɗewar idon lensi ke nan) na hoton fuska, Sigma 35 na cikin ɗaki inda haske bai isa ba, sai babban, 70-200 mai f/2.8, wanda na shekara guda ina zubin adashi kafin ya zo hannuna. Duk ina ɗaura su a kan EOS R da adafta. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne tazara. A tsohuwar kyamara mai madubi, daga baki zuwa sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, milimita 44 ne, domin a bar wa madubin wurin ɗagawa. Da aka cire madubi sai tazarar ta ragu, ta Canon ta koma 20, ta Sony 18, ta Nikon 16. Adaftar Canon ba komai ba ce illa zobe da ke cike wannan giɓi, babu gilashi a cikinta, wayoyi ne kawai ke wucewa, kuma harshe ɗaya lensin da kyamarar suke ji. Shi ya sa tsohon lensi ke aiki a kanta kamar don ita aka ƙera shi.

Gani ya kori ji. A Janairu na roƙi wani ƙanena a sana'a, wanda ke da Sony a7 III guda biyu, ya ara mini ɗaya na mako biyu tare da lensin Tamron 28-75, ni kuma na bar masa 70-200 ya gwada da adaftar Sigma da yake da ita, mai ɗaura lensin Canon a kan Sony. Ya ce, "Yaya, in ka riƙe ta kwana uku ba za ka waiwayi Canon ba."

Bai yi ƙarya duka ba. Abin da ya fara burge ni batir ne. Na yi wani suna a Badariya tun hantsi har bayan la'asar da batir ɗaya, ya kuma rage saura. A garin da za ka iya wuni ka kwana ba ka ga wuta ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ramin memori biyu na nan. Bidiyonta a hannu ya fi na tawa natsuwa nesa ba kusa ba, 4K ɗinta kuma ba ya cin gefen hoto yadda tawa ke yi. Da daddare a wajen dina, inda fitilun ado ke canza launi kowane daƙiƙa, ta kama idon amarya ta riƙe. Sannan ga babbar magana, wato arhar lensi. Sony ta bar ƙofa buɗe, Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox duk suna ƙera mata. Wannan Tamron 28-75 mai f/2.8 da dala 800 ya fito kasuwa, alhali 24-70 mai f/2.8 na sabon bakin Canon da ake kira RF ya haura dala 2,000. Canon kuwa ta rufe nata sabon bakin, har a 2022 aka ji Viltrox ta daina sayar da lensinta masu saita kansu na wannan baki. A ganina wannan shi ne babban raunin zama da Canon ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma har yau ban canza ra'ayi a kansa ba.

A kwana na biyar ne na yi kuskuren da ya koya mini wani abu. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, rana ta zama kamar faranti. Na bi wasu manoman shinkafar rani zuwa fadama don wani aiki da wata ƙungiya ta ba ni. Ina tsaye a kan kunya na kashe kyamara na cire lensi zan sauya, yadda na saba. Ashe hannuna ya saba da abin da ban ma san ina dogara da shi ba. EOS R in ka kashe ta, labulen da ke gaban sensa yana sauka ya rufe ta. Ita a7 III sensarta a buɗe take, kana cire lensi tana kallon sama. Da na koma gida na buɗe hotunan, duk inda sararin sama ya fito sai ga ɗige-ɗige kamar an yayyafa barkono, a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Laifina ne, mai ita ya gaya mini in riƙa juya bakinta ƙasa in kuma shiga mota kafin in sauya. Na hura da roba, wasu suka tafi, biyu suka maƙale sai da ya zo da abin shafawa ya goge da kansa. Daga baya na ji cewa a7 IV, wadda ta fito a 2021, an sa mata wannan rufewa. Amma ita kuɗinta wani mataki ne daban.

Mu da muke aiki tsakanin Nuwamba da Fabrairu a wannan yanki, ƙura abokiyar aiki ce. Tana shiga jaka a rufe. Tana shiga tsakanin haƙora. Masu gwajin kyamara da muke kallo a YouTube suna tsaye ne a titunan Turai da Amurka bayan an ɗauke ruwan sama, ba wanda zai gaya maka yadda kaya ke yi a filin idi in dawakai sun tashi sukuwa.

Sai maganar launi, wadda ake ta musu a kanta. Masu Canon na cewa launin fatarta ya fi, masu Sony na cewa tatsuniya ce. Abin da na gani da idona shi ne, in ka ɗauki ɗanyen hoto ka zauna a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, za ka iya kai kowacce inda kake so. Amma ba kowane aiki ne ke jiran Lightroom ba. A wajen ɗaurin aure da naɗin sarauta muna wanke hoto nan take, yarona na gefe da ƙaramin injin bugawa, mutum ya biya ya tafi da abinsa kafin taro ya watse. A nan abin da kyamara ta fitar shi ne hoton. Baƙin mutum cikin farar shadda mai ƙyalli, da tsakar rana, shi ne jarrabawar mai hoto a ƙasar Hausa: in ka bi fuska riga ta ƙone aikin wuya ya ɓace, in ka bi riga fuska ta nutse. Shekara goma sha biyu ina koyon inda Canon ke ajiye wannan fuska, na san yadda zan murɗa tun kafin in ɗaga ta. Da Sony sai na ga fuskokin sun ɗan ja zuwa wani launi da idona bai saba da shi ba. Ƙanen nan nawa ya nuna mini nasa saitin, hotunansa kuwa tas. Ke nan ba kyamarar ba ce, hannuna ne zai koma makaranta. Tambayar ita ce a kan bikin wa zan yi wannan karatu.

Da muka zo mayar wa juna kaya, na tambaye shi yadda 70-200 ɗina ya yi a kan Sony. Ya ce a hoton wanda ke tsaye ba laifi, amma in abu na gudu ko a bidiyo yakan yi ta neman saiti. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a nan adaftar tafinta ce tsakanin harsuna biyu. Ni kuwa wannan lensi don abin da ke gudu na saye shi. Da shi na tsaya a bakin Matan Fada a Maris ɗin 2020, shekarar da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an daɗe ba a yi ba. Ana harba bindiga dubban masunta suka kwaso a guje da goruna da homa, ƙasa na girgiza, suka faɗa ruwa gaba ɗaya. Daga cikin wannan hargitsi na tsamo wani dattijo ya rungumo giwan ruwa a ƙirji, ruwa na zuba daga gemunsa. Hoton na rataye a shagona, mutane da yawa ta dalilinsa suka fara ba ni aiki. In na koma Sony, ko dai in sayar da lensin in nemi irinsa, ko in riƙe shi ya zama rabin kansa.

Nikon da Fujifilm ban daɗe a kansu ba. Nikon Z5 na da rami biyu kuma da sauƙin kuɗi, Z6 II ma haka take da biyu, amma nan ma komai sai na sake daga tushe. Fujifilm kuwa sensarta ta fi ƙanƙanta, kuma duk cikin waɗanda nake hulɗa da su daga nan har Sakkwato ba mai riƙe ta. Ranar da batir ya ƙare maka a tsakiyar taro, wa za ka juya ka roƙa?

Na ɗauki biro da takarda a Fabrairu, daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin kayan hoto ya daina zama wuri ɗaya, abin da dila ya gaya maka da safe ba shi za ka tarar da yamma ba. Na rubuta duk abin da zan sayar a hagu, abin da zan saya a dama. Na aika wa dillalai uku hotunan kayana, biyu a Legas ɗaya a Abuja. Abin da suka taya ya sanyaya mini jiki, ba don sun zalunce ni ba, su ma sai sun ci riba. Sannan ƙananan abubuwan da ban taɓa lissafawa ba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Batir bakwai gare ni na dangin LP-E6, tun na zamanin 6D, duk za su zama ba amfani. Caja uku. Fitilun Godox biyu na kan kyamara masu ƙafar Canon. Babbar fitilata AD200 za ta yi aiki da kowace kyamara, amma tirigar da ke ba ta umarni sai an sayi ta Sony. Ita kanta 6D da ke zaman ko-ta-kwana a jaka, wadda yarona ke ɗaukar gefen maza da ita in ina wajen mata, ba za ta ƙara cin lensi ɗaya da babbar kyamarata ba. Da na ja layi a ƙasa, sai na ga zan rabu da lensi biyar in dawo da uku, in kuma cika kuɗin da ya kusa sayen sabon babur.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Ina tsoron kada ya zama sabo ne kawai ke riƙe da ni, Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa. Na ga masu hoto da suka ƙi barin fim lokacin da dijital ta shigo, na ga yadda shagunansu suka koma wurin sayar da katin waya. Ba na so shekara biyar nan gaba in zama ni ne ake ba da misali da shi.

Cikin azumi na je gaida maigidana. Ya manyanta, idonsa ya yi rauni, ya bar wa 'ya'yansa situdiyo. Bayan an sha ruwa muna zaune a tabarma na kwashe komai na gaya masa, tun daga Jega. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To kai mi kaka nema? Wanga abu da ya same ka, kyamara ta yi maka shi ko memori?" Na ce memori ne, Baba. Ya ce, "Su Canon ɗin ba su da mai rami biyu?" Na ce suna da ita. Ya ce, "Bidiyon fa, mutanenka mi suka kallonsa da shi?" Na ce waya. Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta abin da ya hana ni barci daban, abin da ya ba ni sha'awa a hannun yara daban, in duba wane ne a ciki ke ciyar da gidana.

Na yi hakan a daren. Abin da ya hana ni barci guda biyu ne, rami biyu da bidiyon da ba ya rawa. Sauran duk sha'awa ce, ko da yake sha'awa mai hujja. Na buɗe littafin da nake rubuta ayyuka na duba na shekarar da ta wuce, sai na ga mafi yawan abin da ya shigo aljihuna daga hoto ne, albam da firem da wankin nan take. Bidiyo na ƙaruwa, amma duk wanda na miƙa ta WhatsApp ya tafi, ita kuwa matse shi take yi. Ba a taɓa samun wanda ya ce lallai sai 4K ba.

Daga nan na koma duba gidan da nake ciki, wato Canon. R8 ta 2023 na da sauƙin kuɗi da saurin kama ido, amma raminta ɗaya ne kuma ƙaramin batir take ci, na ajiye ta gefe. R6 Mark II ita raina ya so, aljihu bai kai ba. Sai R6 ta farko, ta 2020: rami biyu na SD, tana tare rawar hannu, tana rufe sensa in an kashe ta, tana cin tsofaffin baturana, ko da yake saurin harbinta na raguwa in ba nata sabon ba ne. Abu biyu suka tsaya mini. Na farko, megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, 20 ne, alhali EOS R na da 30. Wannan bai daɗe yana damuna ba, don 6D ma 20 ce, kuma da ita na ɗauki dattijon Argungu da ke bango a babban firem. Na biyu ya fi nauyi, wato zafi. Canon da kanta ta bayyana cewa a 4K kyamarar na iya tsayawa ta huce bayan minti 30 zuwa 40, kuma wannan a yanayi mai sanyi-sanyi aka auna. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa. Na nemi wani mai irinta a Sakkwato na tambaye shi. Ya ce shi 1080 yake ɗauka, wanda bai kai 4K nauyi ba, gajere-gajere, yana rufa mata farin ƙyalle in suna rana, ba ta taɓa tsaya masa ba. Irin aikina ke nan. Da wa'azi ko taron awa uku nake ɗauka a miƙe, da ban saye ta ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya saya don wannan ba.

Ana cikin haka, a Afrilu, sai labari ya zo cewa Sigma da Tamron za su fara ƙera lensi na sabon bakin Canon da izini. Na yi murna, sai da na karanta sosai na ga na ƙananan kyamarori ne masu ƙaramar sensa, ba irin tawa ba. Ban sa shi a lissafi ba. Abin da na dogara da shi shi ne tsohon bakin EF, wanda ake ƙera wa lensi tun 1987. Kasuwar hannu cike take da su, kuma yayin da mutane ke komawa sababbi, tsofaffin ne ke zuwa inda hannunmu zai kai.

Na yi istihara, na kuma gaya wa uwargida, domin kuɗin da za a taɓa har da wanda muke tarawa na rufin ɗakin baya. Ta tambaye ni abu ɗaya: "Wannan ɗin in ka saya, abin da ya faru a Jega zai sake faruwa?" Na ce da wuya ƙwarai memori biyu su mutu rana ɗaya. Ta ce to a jinkirta rufin zuwa kaka.

Bayan Babbar Sallah, da kuɗin aikin hawa da na bukukuwan da suka biyo baya suka taru, na sayar da EOS R ga wani mai situdiyo a Zuru wanda hoton fasfo da na 'yan makaranta ya fi yi. Na gaya masa maganar rami ɗaya kafin ya biya. Dila ya so ya aiko mini da R6 ta mota, na ce a'a, zuwa da kai ya fi saƙo. Na yi sammako na bi ta Koko da Yawuri da Kontagora na isa Abuja da dare. Washegari na zauna a shagon kusan awa biyu. Na sa aka jona ta da kwamfuta aka karanta yawan harbin da ta yi, aka ga bai kai kashi ɗaya cikin goma na 300,000 da aka ƙiyasta wa labulenta ba. Na rufe bakin lensi na ɗauki duhu don in ga ko akwai ɗigon da ke haskawa. Na matse ido zuwa f/22 na ɗauki farin bango don ƙura da ƙarzuwa. Na sa memori a kowane rami daban, sannan duka biyu tare. Na ɗaura fitilata da na zo da ita na harba sau ashirin. Na ɗaura 70-200, na sa yaron shagon ya taho da gudu daga ƙarshen baranda, akwatin saiti ya maƙale a idonsa har ya iso gabana. Mai shagon ya ce, "Oga, kai ka san abin da ka zo saya." Memori kuwa a babban shago na saye su, guda huɗu, da rasit.

Ba duka na samu ba. Batir ɗinta bai kai na Sony daɗewa ba, ina fita da huɗu a aljihun riga. In na ga ƙanen nan nawa ya sayi sabon lensi mai arha da ba ya shiga tawa, raina yakan ɗan sosu. Adafta kuma tana ƙara wa kaya tsawo da nauyi, bayan wunin biki wuyan hannu na sanar da ni.

Wata biyu bayan haka yarona, wanda ya shekara huɗu a hannuna, ya zo ya ce kawunsa zai taimaka masa da jari, yana so ya sayi tasa. Ya ce, "Oga, irin taka zan nema, ko?" Na tambaye shi lensi nawa gare shi. Ba ko ɗaya. Batir nawa? Babu. Wane aiki yake son yi? Ya ce bidiyo, shi hankalinsa na kan bidiyo. Na ce ya nemi Sony a7 III ta hannu da Tamron 28-75, ya kuma je wajen ƙanena ya koyi saitin launi tun daga ranar farko. Ya dube ni da mamaki, don ya ga duk wahalar da na sha kafin in ƙi ta. Na ɗauko takardar nan ta Fabrairu daga aljihun tebur na shimfiɗa masa, na rufe ɓangaren hagu da tafin hannuna, na ce ya karanta abin da ya rage.

Yanzu tare muke zuwa biki, shi da tasa ni da tawa, kowa da cajarsa. Makon jiya muna Bunza. Da muka gama na zare memori ɗaya na sa a aljihun gaba na maɓalle, ɗayan na bar shi cikin kyamara a jaka. Shi kuma na tsaya a kansa har ya shiga mota ya rufe gilashi kafin ya cire lensi.